Ni da Baƙin Takalmin Northampton: Abin da Ƙafata Ta Gani

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin lauya a Kano, kuma ban tuna ranar da na wuni cikin kaba-shu ba tare da na ƙagu in isa mota in tuɓe shi ba. Aikin namu ba ya yiwuwa sai da baƙin takalmi rufaffe. Duk shekara sai na sayi ɗaya, wani sa'in biyu. Wata huɗu yana sheƙi, a na biyar fatar ta fara ɓarewa kamar ɓawon albasa, a na shida gam ya saki, sol ya wangame baki. Na gaji da wannan zagayen.

Ƙanina da ke karatu a Leicester ta Ingila zai zo hutun Disamba. Tsakaninsa da Northampton kamar daga nan ne zuwa Wudil da ɗan ɗori. Northampton ɗin da ƙauyukan da ke kewaye da shi su ne matattarar ɗinkin takalmi a Ingila: Tricker's tun 1829 suke aiki, Church's 1873, Crockett & Jones 1879, Edward Green 1890, ga wasu da dama a lardin. Har ƙungiyar ƙwallon garin da sunan masu ɗinkin takalmi ake yi mata laƙabi. Yawancin masana'antun suna da ɗan kanti a jikinsu inda ake sayar da takalmin da ya samu ƙaramin tabo a farashi mai sauƙi. Can nake so ya je mini.

Zan riƙa rubuta abin da ya faru, domin kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma ina so in san ko daɗin sawa da ake ta kururutawa a kan takalmin Northampton gaskiya ne ko zuƙi ta malle.

Na buga wa ƙanin nawa waya. Ya ce, "Yaya, wace lamba kake sawa?" Na ce 44. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, a nan ba a sayen takalmi da lamba ɗaya tak. Ka auno ƙafar."

Lahadi, 10 ga Nuwamba, 2024

Mun yi awon bayan la'asar, don ƙafa takan ɗan kumbura in yini ya yi nisa, awon safe kan ruɗi mutum. Na sa irin safar da nake zuwa kotu da ita, na tsaya a kan farar takarda, nauyina a kan ƙafa biyu, uwargida ta zagaye da fensir tana riƙe da shi a miƙe. Sai muka ɗauko tef ɗin tela.

Dama: tsawo santimita 27.1. Hagu: 26.7. Zagayen gindin yatsu, wato wurin da ƙafa ta fi faɗi: dama 26.4, hagu 25.9.

Ashe tsawon ƙafata na mai lamba 43 ne, wato 9 a lissafin Ingila. Duk shekarun nan 44 nake saye, ba don tsawo ba, don in samu faɗi. Shi ya sa kullum takalmina kan karye a kan yatsu, ya yi wani lanƙwasasshen baki sama kamar kwalekwale: inda ƙafata ke lanƙwasa daban, inda takalmin ke lanƙwasa daban. Faɗin kuwa na san inda na samo shi. Na tashi a silifas da takalmin fata buɗaɗɗe, ban fara ƙunshe ƙafa a kaba-shu kullum ba sai da na shiga makarantar lauyoyi. Yatsun da suka saba baje kolinsu ba sa haɗuwa wuri guda don an ce su haɗu.

Wani abu da ya ba ni dariya a cikin binciken: lambar takalmin Ingila da ƙwayar sha'ir ake ƙirga ta. Tsakanin lamba da lamba tsawon ƙwayar sha'ir ɗaya ne, wato kashi ɗaya cikin uku na inci, kimanin milimita takwas da rabi. Sha'irin da ban san shi ba sai a babin zakkar fid da kai. Lambar da muka saba da ita, su 43 da 44, ta Faransa ce, kowace ɗaya kashi biyu cikin uku na santimita. Shi ya sa lissafin biyu ba sa taɓa faɗawa daidai a kan juna.

Asabar, 23 ga Nuwamba, 2024

Yau ƙanina ya je Northampton. Ba zan faɗi kantin wace masana'anta ba ne, don duk abin da zai biyo baya tsakanina ne da ƙafata.

Ya kira ni ta bidiyo, ya nuna wa mai kula da kantin takardar awon. Mutumin ya duba ya ce 9 ne, amma mai faɗi. A can harafi ake sa wa faɗi, su E da F da G, kuma kowane kamfani da nasa lissafin: abin da wannan ya kira madaidaici da E, wancan F yake kiransa. Ya ƙara da cewa harafin ma ba shi ne magana ba, las ne magana, wato ƙafar katako ko ta roba da ake ɗaure fata a kanta a gina takalmin. Takalmi biyu na iya zama 9 mai faɗi, amma ɗaya las ɗinsa mai tsinin baki ne, ɗaya mai zagaye, ɗaya doronsa a kwance, ɗaya a tashe.

Sai ya tambaya ko doron ƙafata mai tudu ne. Na ce e, sosai ma. Ya ajiye guda biyu a gaban waya. Na farko Oxford: ɓangarorin da igiya ke ratsawa an ɗinke gindinsu a ƙarƙashin fatar gaba, ba sa buɗewa sai iya yadda aka yanka su. Na biyu Derby: ɓangarorin a sake suke a sama kamar kunnuwa biyu, suna buɗewa yadda ƙafa ta so. Ya ce mai ƙafa irin tawa Derby ne nasa.

Na kalli Oxford ɗin nan, baƙi wuluk, da ɗan layin ɗinki a kan yatsu, siriri kamar an zana shi. Na ce shi nake so. Ƙanina ya ce, "Yaya, ka ji fa abin da mutumin ya ce." Na ce na ji.

Fam 310, a lokacin da fam ɗaya ya haura naira dubu biyu. Tabon da ya sa aka rage masa kuɗi wani ɗan ƙarzon ne a cikin dunduniyar hagu, sai an nuna maka. Uwargida ta fara mayar da kuɗin buhunan shinkafa, na roƙe ta ta bar lissafin nan.

Asabar, 21 ga Disamba, 2024

Takalmin ya iso. Kafin in sa, na zauna na juya shi a hannu kusan rabin sa'a.

Nauyinsa ya fi na duk takalman da na taɓa saye. Ƙasansa fata ce zalla, mai kauri, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ƙyauren katako. A gefe akwai wani siririn zirin fata da ya zagaye shi, da ɗinki ƙanana a jere. Wannan shi ne ɗinkin Goodyear, sunan Charles Goodyear ƙarami, ɗan Charles Goodyear ɗin nan da ya gano hanyar ƙarfafa roba, wanda ya yaɗa keken ɗinkin a wajajen 1870. Yadda abin yake: ana ɗinke fatar sama da shimfiɗar ciki a jikin zirin, sannan a ɗinke sol a jikin zirin daban. In sol ya cinye sai a farke ɗinki na biyu a sa sabo, ba a taɓa na farko ba. Tsakanin shimfiɗar ciki da sol akwai rami, shi ake cikawa da niƙaƙƙen ɓawon itacen nan da ake toshe bakin kwalba da shi, sannan a sa wani ɗan katako ko ƙarfe a ƙarƙashin kwarmin tafin ƙafa don kada tsakiya ta lotsa. Ɓawon nan shi ne ake cewa a hankali yana ɗaukar siffar tafin mai takalmin. Za mu gani.

Na zura da cokalin takalmi. Dunduniya na faɗawa na ji iska ta fita, fus. Tsawo daidai: tsakanin babban yatsa da baki akwai kamar faɗin ɗan yatsan hannu. Gindin yatsuna ya zauna a daidai inda takalmin ya fi faɗi, abin da ban taɓa samu ba. Hagu lafiya lau. Dama kuwa ƙaramin yatsa yana jin bango.

Da na ɗaure igiya sai maganar mai kanti ta dawo mini. Ɓangarorin biyu kamata ya yi su kusan haɗuwa, su bar ɗan tsagi siriri a sama. Nawa sun tsaya nesa da juna, yatsana biyu suna shiga tsakani. Kuma in na taka, dunduniyar tana ɗan ɗagowa.

Asabar, 28 ga Disamba, 2024

Mako guda ina sa shi a cikin gida kawai, a kan kafet, sa'a ɗaya bayan isha'i. Yara sun mayar da ni abin kallo: mutum da jallabiya da kaba-shu yana safa da marwa tsakanin falo da ɗaki. Har yanzu kamar na ɗaura allo biyu a ƙafa.

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Fita ta farko, ofis kawai. Tayil ɗin baranda ya kusa kai ni ƙasa, Allah ya taimake ni na cafke ƙarfen bene. Sabon sol na fata santsi ne da shi kamar an shafa karkashi. Na fita bakin titi na yi ta goga shi a tsakuwa har ya yi kaushi. Maigadi yana kallona bai ce komai ba.

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Laifina ne, kuma na sani tun kafin in fita. Daga sa'a biyu na tsallaka zuwa wuni guda, don ina da shari'a kuma ina so a ga takalmin. An ce ƙarfe tara za a zauna, ba a kira tamu ba sai wajen ɗaya saura. Ga baƙar riga, ga hular gashi, ga tsayuwa a baranda ana jiran a kira. Kafin azahar doron ƙafata ta dama ya fara zugi a ƙarƙashin igiya, yatsu biyu suka mutu mini murus. Da na tashi yin magana a gaban mai shari'a rabin hankalina yana ƙasa.

A mota na tuɓe. Bororo a bayan dunduniyar dama, daidai kan agara, ya fashe ya manne da safa. Ƙaramin yatsa ya yi jawur. A doron ƙafa kuwa sawun igiya ya kwanta rijib, ana iya ƙirga layukan.

Bororon na gane dalilinsa. Sol bai fara lanƙwasa ba, don haka in na ɗaga ƙafa takalmin ba ya biyo ta, dunduniya ce ke zamewa sama da ƙasa tana gogar fata mai tauri. Wannan zai wuce in sol ya yi laushi. Na doron ƙafa ne ban ga ranar wucewarsa ba.

Na koma tsohon 44 ɗina mai wangamemmen baki sai ƙafa ta warke. Maigidana a ofis ya dube ni ya ce, "Barista, ina na Ingilan?" Na ce yana hutawa, ranka ya daɗe.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Na kai shi wurin wani dattijon baduku a wajajen Ƙofar Wambai, wanda tun mahaifina yana raye shi yake yi masa gyaran takalmi da jaka. Na gaishe shi, na miƙa masa ba tare da na ce komai ba.

Bai kalli sheƙin ba sam. Ya juya shi, ya bi ɗinkin gefe da farce, ya zura hannu ciki ya shafa, ya kai hanci ya shinshina sol ɗin. Ya ce, "Wannan ƙasan jimar itace ce. Saman kuwa ɗan maraƙi ne, jimar magani." Gaskiyarsa. Fatar sama ta irin waɗannan takalman yawanci da sinadarin kurom ake jeme ta, cikin kwanaki kaɗan, shi ya sa take da laushi da ƙyalli. Ta ƙasa kuwa da ruwan ɓawon itace. A Colyton da ke lardin Devon har yau akwai majemar J. & F.J. Baker, inda kirgi ke kwana a ramin ɓawon itacen oak kimanin shekara guda. Da na gaya masa haka sai ya ce to ai bagaruwarmu ke nan, illa dai su ba sa gaggawa. Daga nan hira ta ɓalle zuwa fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda ayari ke ketare Sahara da ita, Turawa su saya a hannun mutanen Maroko su laƙaba mata sunan Maroko. Ya ce har gobe fatun da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa Italiya da Sifaniya suke tafiya, su dawo mana a kwali da sunan wani. Wannan magana ce da in ya fara ba ya gajiya, sai da na ja shi muka dawo kan ƙafata.

Ya ce in tuɓe safa in taka ƙasa. Ya duba ya girgiza kai.

"Lauya, wa ya zaɓa maka wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Ai na sani. Mai sayarwa ba zai ba ka shi ba."

Ga abin da ya koya mini, kuma na rubuta shi tun a mota don kar in manta. Fata tana bayarwa a faɗi, ba ta bayarwa a tsawo. A faɗin ma kaɗan take bayarwa, kuma inda babu ɗinki. Bakin takalmi da bayansa an sa musu wani abu mai tauri tsakanin fatar waje da shafin ciki don su riƙe siffa, waɗannan ba a taɓa su. Sa'ar da na yi, ƙaramin yatsana yana bayan layin ɗinkin gaba da kaɗan, a kan fata zalla, don haka zai iya buɗa mini wurin. Da a kan ɗinkin ya faɗa, da sai dai haƙuri ko kyauta. Doron kuwa ya ce ba shi da abin yi, an yanka fatar ne don ƙafar da ba ta kai tawa tudu ba. Abin da kawai zai taimaka shi ne in shimfiɗar ciki ta lotsa, ƙafar ta ɗan nutse.

Na ce abokan aiki sun ba ni shawara in jiƙa shi da ruwan zafi in sa, wani ma ya ce in kara shi a wuta. Ya ce, "Wanda ya gaya maka haka, ka tambaye shi ko shi ya biya kuɗin."

Ya shafa wa wurin ɗan ruwa daga ciki, ya zura ƙarfensa mai murɗawa da wani ɗan ƙulli a daidai yatsan, ya murɗa kaɗan. Ya ce kwana uku zai yi yana ƙara murɗi sannu-sannu, kar in zo kafin mako.

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Na karɓo. Daga waje ba ka ganin komai sai ka shafa, ɗan tudu kamar ƙwayar gyaɗa. Yatsan ya samu ɗaki.

Igiyar ma na sauya mata hanya. Da a gicciye take, tana danna ƙashi. Yanzu na jera ta a miƙe, layi-layi, kuma a dama na tsallake huda ta uku, wadda take kan tudun. Ba kyan gani kamar da, amma wando yana rufewa.

Sabon tsari: sa'a uku, a huta kwana ɗaya, sa'a huɗu, a huta. Filasta a bayan dunduniya.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Hunturu ba ya raga wa fata, ta mutum ko ta takalmi. Ƙura tana shiga cikin karyar da ta fara fitowa a gaba, in aka bar ta nan sai ta riƙa cin fatar kamar yashi duk lokacin da aka taka. Don haka kullum na dawo sai burushi, sannan in zura katakon cikin takalmi, na itacen sida, da ƙanina ya haɗo mini da shi. Yana shanye gumi, yana miƙar da karyar kafin ta bushe a lanƙwashe. Mako biyu sau ɗaya ina shafa mai mai laushi ɗan kaɗan, ba folish mai kakin nan ba, shi sai a baki da dunduniya inda ba a lanƙwasawa.

Yaran shumeka da ke zagaye harabar kotu suna ƙwanƙwasa akwati sun yi fushi da ni. Ba raini ba ne, na ga yadda suke lafta folish a kan ƙura, wani har da ɗan fetur don ya yi saurin sheƙi. Na ci gaba da ba su tsohon.

Abin farin ciki: karyar ta fito a daidai gindin yatsu, layi biyu sirara. Dunduniya ta daina ɗagowa. Na cire filasta ranar Laraba.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

Ƙanin uwargida ya kwana a gidan. Da asuba aka ƙwanƙwasa get, ya fito bai ga silifas ba, ya zura ƙafa a takalmina ya take bayansa kamar yadda kowa ke yi wa sau-ciki, ya je ya dawo. Na hagun, mai lafiyar.

Ban yi magana ba, surukuta ta hana. Shi ma bai san ya yi wani abu ba, a wurinsa takalmi takalmi ne. Bayan ya karye ciki, ya yi layi. Baba ya jiƙa shi kaɗan ya ɗaure a kan las kwana biyu, ya miƙe, amma layin yana nan, kuma riƙon da yake yi wa dunduniyata ya ɗan ragu. Yanzu a saman kabad yake kwana.

Asabar, 15 ga Maris, 2025

Azumi ya kai rabi, zafi ya shigo. Abin da ban lissafa ba tun farko shi ne sau nawa Bahaushe ke tuɓe takalmi a yini. Wanda ya ƙirƙiro Oxford ya ɗauka za a ɗaure da safe a kwance da dare. Ni kuwa ga azahar, ga la'asar, ga shiga gaida wani babba, ga gidan rasuwa. Kowane sai an zauna an sassauta huda biyar, an nemo cokali. In aka yi alwala aka mayar da ƙafa da danshi kuma, safa ta jiƙe, gogayya ta dawo. Ga fargabar barinsa a ƙofar masallaci: ranar farko a leda na ƙunshe shi na ajiye a gabana, kuma Allah ya yafe mini, sallar nan ba ta samu dukkan hankalina ba.

Mafita: silifas a ƙarƙashin tebur, wani a but ɗin mota. Takalmin na kotu ne da ganin baƙi. Ɗan ƙaramin cokali kuma yana aljihun kwat.

Da rana tsaka in na tsallaka kwalta ina jin zafinta ta cikin sol. Amma abin mamaki, ƙafar ba ta yin gumin da take yi a takalman da, kuma babu wari. Ciki da waje fata ce, babu roba ko leda a tsakani. Wannan kaɗai uwargida ta yarda ya ci wani abu daga cikin kuɗinsa.

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Na ƙirga a kalanda: sawa 34 ke nan.

Jiya na zura hannu ciki na shafa. Ga gurbin dunduniya, ga na gindin babban yatsa, ga ƙananan ramuka na sauran yatsu, kamar sawun da mutum ke bari a jiƙaƙƙen yashi. Maganar ɓawon itacen nan gaskiya ce. Kuma da ƙafar ta nutse, tsagin igiya ya ragu: a hagu saura kaɗan ya rufe, a dama yatsa ɗaya ke shiga maimakon biyu.

Daɗin nasa ba irin na kambas ba ne, babu taushin katifa ko kaɗan, wanda ke neman wannan kar ya ɓata kuɗinsa. Abin da yake yi shi ne riƙe ƙafa ta ko'ina daidai wa daida, babu inda ya matse babu inda ya yi sako-sako, har ka manta da shi. A hagu na samu haka: ranar Talata tun takwas na safe har biyar na yamma ban tuna ina da ƙafar hagu ba. Kuma ciwon da nake ji a tsakiyar tafin ƙafa in na daɗe a tsaye ya tafi, ina jin aikin ɗan katako ko ƙarfen nan ne na ƙasa.

Dama kuwa tana da agogo. Sa'a shida lafiya. Daga nan doron ya fara magana, in na kai takwas sai na sassauta igiya a ɓoye a ƙarƙashin tebur. Wata uku ke nan, ban ga alamar zai wuce haka ba. Bambancin rabin santimita a zagayen ƙafa, ga inda ya kai ni. Mai kantin Northampton bai taɓa ganin ƙafata ba sai a takarda, kuma ya faɗa mini tun a Nuwamba.

Asabar, 3 ga Mayu, 2025

Hadari ya fara haɗuwa da yamma. Sol na fata in ya sha ruwa yana saurin cinyewa, titunanmu kuwa in damina ta sauka kowa ya san halinsu. Bakin sol ɗin ma ya riga ya fara zaizayewa, saura kaɗan ya kai ga ɗinki. Na kai wa Baba ya manna masa siririyar roba a rabin gaba. Masu tsattsauran ra'ayin takalmi suna cewa hakan na hana fata numfashi. Su zo su bi ta Sabon Gari a watan Agusta.

Ina zaune yana aiki sai ya jawo wani kwali ya ce in taka. Ya zagaye ƙafafun biyu, ya auna doron da zare a wuri uku, ya ƙulla alama. Ya ce yana da las lamba 43, zai liƙa masa fata a doro da gefen ƙaramin yatsa har ya zama ƙafata, na dama daban na hagu daban. Mai kunnuwa biyu zai yi, buɗaɗɗen nan da na ƙi. Shafin ciki fatar akuya jimar bagaruwa. Ɗinkin gefe da hannu zai yi, ya ce rabonsa da irinsa ya fi shekara ashirin, don ba mai biya.

Na tambayi kuɗi. Ya ce in bari ya ga fatar saman tukuna, in bai samu ɗan maraƙi mai kyau ba ba zai fara ba. Na ba shi kafin alƙalami na las da zare. Ya ce in dawo Asabar ta sama bayan la'asar, in zo da safar kotu, za a gwada na gwaji da ya ce zai fara haɗawa da tarkacen fata.